Mabuɗi da Taswira: Martani ga Mai Cewa PRP Jam'iyyar Kanawa Ce Kawai

Wani marubuci da ba a raina alƙalaminsa ya yi dogon rubutu kwanan baya, yana neman sauko da jam'iyyar PRP daga inda masu begen Jamhuriya ta Biyu suka ɗora ta. A ganinsa PRP ƙungiyar Kanawa ce da ta ari rigar ƙasa don ta samu rajista, ba ta da abin da za a kira manufa in ban da ƙaunar Malam Aminu Kano da ƙin jinin sarauta. Abu ɗaya da aka fi yabonta a kansa, wato soke haraji da jangali, shi a wurinsa neman suna ne da ya durƙusar da ƙananan hukumomi, har yau ba su miƙe ba. Ya kuma kafa hujja da rabuwar jam'iyyar gida biyu, santsi da taɓo, yana cewa jam'iyyar da ta kasa riƙe gwamnoninta biyu rak ba ta da bakin koya wa kowa siyasa. Da yawa daga abin da ya kawo haka ya faru, ba kuwa zan ɓata tawada wajen musunsa ba. Inda muka raba gari da shi shi ne ma'auni. Shi ya shimfiɗa taswirar Nijeriya yana ƙirga jihohi. Ni kuwa ina ganin jam'iyya irin wannan ana auna ta ne da abin da ta je ta tarar a ƙasarta, da abin da ta sauya kafin ta bar gado.

A fara da alƙaluman, domin suna gefensa. A zaɓen shugaban ƙasa na watan Agustan 1979 Malam Aminu ya samu ƙuri'a wajen miliyan 1.7, kashi 10 cikin ɗari da ɗan ɗoriya, kuma fiye da rabinsu daga jihar Kano suka fito. Sanatoci 7 da 'yan majalisar wakilai 49 da PRP ta samu, dukansu 'yan Kano da Kaduna ne. Gwamnoni biyu ta ci, Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai wace Kano ake nufi? Kano ta wancan zamani ta haɗa da Jigawa ta yau, tana da kujeru 46 a majalisar wakilai, babu jihar da ta kai ta, Kaduna kuma ta haɗa da Katsina. Wannan jiha da marubucin yake yi wa kallon lungu ita ce ta kusa hana Nijeriya shugaban ƙasa a zagayen farko. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya samu kashi ɗaya bisa huɗun da doka ta buƙata a jihohi 12, amma a Kano bai kai kashi 20 ba, shi ya sa aka shiga lissafin nan na sha biyu da biyu bisa uku da Richard Akinjide ya kawo, har sai da Kotun Ƙoli ta raba gardama ana saura 'yan kwanaki a rantsar da sabuwar gwamnati. Sharaɗin cewa jam'iyya ta bazu a ƙasa kafin a san da ita kuwa, sojoji ne suka kafa shi saboda tsoron abin da ya rusa Jamhuriya ta Farko, hukumar FEDECO ta yi aiki da shi ta tace ƙungiyoyi masu yawa ta bar biyar. Sharaɗi ne na rajista. Marubucin ya ɗauke shi ya mai da shi hukuncin tarihi, alhali ba don haka aka yi shi ba.

Dalilin da ya sa wannan siyasa ta yi saiwa a Kano ba ta yi a Sakkwato ko Inugu ba yana cikin asalinta. Lokacin da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Mudi Sipikin da Magaji Dambatta da sauran abokansu suka kafa NEPU, wadda PRP ta gada, a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, abin da ke gabansu ba gwamnan Turawa na Ikko ba ne. En'e ce. Ita ke da 'yan doka, ita ke da kotun alƙali, ita ke da gidan yari, ita ke da baitulmali, ita ke naɗa hakimi da dagaci ta kuma sauke su. Talakan Gezawa ko Ringim zai iya rayuwa ya mutu bai taɓa ganin Bature a ƙofar gidansa ba, amma ba zai yi shekara bai gamu da mai unguwa ba. Sanarwar Sawaba ta NEPU ta raba al'umma gida biyu, masu riƙe da mulkin En'e da talakawa, ta kuma ce maslahar waɗannan ta yi hannun riga da ta waɗancan. Mutum yana iya ƙin wannan fassara, yana iya cewa ta yi tsauri, amma ba zai ce babu manufa a cikinta ba. Kuma an gwada ta da wuta. A zaɓen 1951 'yan NEPU sun ci matakin farko a birnin Kano, aka bi da su ta tsanin wakilai inda En'e ke da ikon cusa nata mutane a matakin ƙarshe, suka tashi a tutar babu. Aka kafa musu 'yan daba da suka kira kansu Jam'iyyar Mahaukata, aka ɗaure su a kan laifin yin taro ko ambaton sunan sarki a dandali, Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku tana fita. Malam kansa ba ya cikin mutum takwas da suka kafa jam'iyyar, sai a 1953 ya zama shugabanta. Wannan kaɗai ya isa ya sa a yi taka-tsantsan da batun cewa ƙaunar mutum ɗaya ce ta haifi komai.

Kafin 1979 sojoji sun riga sun biya wa NEPU wani ɓangare na buƙatunta. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, a 1976 kuma aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, sarakuna suka koma masu ba da shawara. To me ya rage a hannun hakimi da dagaci wanda talaka ke jin zafinsa a jikinsa? Haraji. A nan ne nake ganin marubucin ya yi babban tuntuɓe, domin ya ɗauki haraji a matsayin layi ɗaya cikin kasafin kuɗi, ya manta yadda ake karɓarsa. Kuɗi ne da ake yanka wa kowane namiji baligi, mai gona goma da mai kwana a zaure, daga mai unguwa ya hau zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, kowa kuma a kan hanya yana da abin da yake lasa. Ana karɓarsa da kaka, daidai lokacin da hatsi ya fi araha, sai manomi ya kai gero da dawa kasuwa ya sayar a wulaƙance, ya dawo da bazara ya sayi irinsu da tsada ko ya ci bashi. Wanda ya kasa biya yana iya shan zaman rana a ƙofar dagaci, ko a kama akuyarsa, ko ya tsere cin rani tun kafin lokaci. Kuma tun zamanin NEPU kowa ya san ana iya tsawwala wa mutum kuɗin saboda katin jam'iyyar da ke aljihunsa. Da Rimi da Balarabe suka soke haraji da jangali da hawansu mulki a watan Oktoban 1979, igiyar ƙarshe suka tsinke wadda ke ɗaure wuyan talaka a hannun masu sarauta. Alkawari ne mai shekara kusan talatin aka cika. Wanda ya kira shi dabarar da aka ƙirƙira don cin zaɓe bai bi zaren labarin daga farkonsa ba.

Amma hujjar marubucin a kan kuɗin shiga tana da nauyi, ya kamata a amsa ta da gaske. Cewa yake yi gwamnatin da ba ta karɓar komai daga hannun mutane ba ta jin tsoronsu, mutanen da ba sa biyan komai su ma ba sa tambayar inda kuɗi ya tafi, don haka soke haraji ya raba ƙaramar hukuma da jama'arta ya mai da ita mai jiran kason tarayya. A matsayin ka'ida ban ƙi wannan ba. Matsalar ita ce ɗora wa PRP alhakinsa. Tun garambawul ɗin 1976 aka sa ƙananan hukumomi cikin masu cin kason tarayya, dokar rabon arziki ta farkon shekarun 1980 ta yanka musu kashi 10 cikin ɗari, kuɗin mai ya riga ya shanye duk wani kuɗin da dagaci zai tara a jaka. In da soke haraji a Kano da Kaduna ne ya kawo cutar, da mun ga ƙananan hukumomin Neja da Bauci da Binuwai da Kuros Riba, inda PRP ba ta taɓa mulki ba, suna tsaye da ƙafafunsu. Ba haka muka gani ba. Ciwo ɗaya ne ya kama su duka, daga Arewa har Kudu, kuma an san inda ya fi tsanani: asusun haɗin gwiwa da ya bai wa gwamnoni damar riƙe kuɗin ƙananan hukumomi, abin da ya kai har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kansa a watan Yulin 2024. Sa'an nan wace irin tambaya talaka ke iya yi wa En'e a zamanin da yake biyan harajin? Ya biya shekara da shekaru, bai taɓa ganin lissafin baitulmali ba. Harajin da ke haifar da tuhumar shugabanni shi ne wanda mai biya ke da ikon sauke mai karɓa, hakimi kuwa ba zaɓensa ake yi ba.

Inda zan ba marubucin gaskiya shi ne PRP ta rushe ba ta gina madadin ba. Hankali ya ba da cewa in an ɗauke nauyi daga kan mai fartanya sai a ɗora shi a kan mai manyan motoci da rumfunan kantin Kwari, gwargwadon samun kowa. Ba a yi wannan da ƙarfin da ya kamata ba, da farashin mai ya faɗi aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982 sai gwamnatocin jihohi, har da na PRP, suka rasa tudun dafawa. Haka nan batun jangali. Akwai masu cewa ƙidayar shanu ta shekara-shekara ita ce ta sa hakimi ya san kowane arɗo da rugarsa, ta kuma ba Bafulatani bakin cewa a bar masa burtali da mashaya tunda yana biya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai wanda ya san yadda ake ƙidayar, da yadda makiyaya ke kora garke su tsallaka iyaka don su kauce mata, da abin da ake tatsa a wajen rasit, ba zai kira ta zumunci ba. Cinye burtali kuma ya fi alaƙa da yawan jama'a da faɗaɗar noma da yadda Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta tattara ikon filaye a hannun gwamnoni da ƙananan hukumomi.

Ba haraji kaɗai ba ne a cikin jakar. Gwamnatin Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci ta jiha a 1980, wadda aikinta na koyar da manya karatu ya kai ga samun yabon UNESCO. Ita ta fara ba da hutun ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu a 1980, gwamnatin tarayya ta NPN ta bi sahu a shekarar da ta biyo. Ta kafa kamfanin jaridar Triumph, wanda ya riƙa fitar da Albishir da boko da Alfijir da ajami, don mutumin da allo ne makarantarsa shi ma ya karanta labarin gwamnati da idonsa. A kan mata, NEPU ta nemi a ba su ƙuri'a tun lokacin da faɗin haka a Arewa ke jawo wa mutum jifa, matan Arewa ba su samu wannan dama ba sai a ƙarshen shekarun 1970, Malam kuma ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa a takarar 1983 da ajali bai bar shi ya gani ba. A dubi waɗannan tare da soke haraji, za a ga zare ɗaya ne ya ɗinke su: a cire tsoro daga zuciyar wanda ba shi da kowa, a ba shi karatu da murya. Jam'iyyar da babu komai cikinta sai Kananci ba za ta ja S. G. Ikoku ya zama sakatarenta ba, balle Michael Imoudu na ƙungiyar ƙwadago ko Chinua Achebe. Waɗannan ba su kawo mata ƙuri'un garuruwansu ba, wannan gaskiya ne, amma abin da ya kawo su shi ne abin da marubucin ya ce babu.

Rabuwar santsi da taɓo ma, in an duba ta da kyau, gefena take ba gefensa ba. Ƙungiyar da ƙaunar mutum ɗaya ce kaɗai ta haɗa ta ba ta yi wa mutumin tawaye yana raye. A nan kuwa gwamnonin biyu da mafi yawan matasan jam'iyyar sun yi wa Malam gardama a bainar jama'a, kuma a kan tambaya ce ta gaske: da wa za a haɗa kai? Rimi da Balarabe sun ga cewa NPN ce magajiyar NPC, tsohuwar abokiyar adawar NEPU, don haka suka shiga taron gwamnonin ci gaba tare da na UPN da GNPP. Malam da mutanensa suna ganin wannan taro tsani ne da Cif Obafemi Awolowo zai taka, kuma gwamna ba shi da hurumin ƙulla ƙawance da sunan jam'iyya ba da izininta ba. Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Abin da jam'iyyar ta rasa shi ne hanyar sasanta irin wannan saɓani. Shekara da shekaru ta ƙware a adawa, ta san yadda ake shiga kurkuku da yadda ake haɗa taro a ɓoye, ba ta taɓa koyon yadda uwar jam'iyya marar ko sisi za ta tanƙwara gwamnan da ke riƙe da baitulmalin jiha ba. Aka yi ta korar juna, Rimi ya koma NPP ya sauka daga kujera a 1983, Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilun wannan shekara, Sabo Bakin Zuwo ya ci Kano da tutar mabuɗi, alamar PRP, bayan wata uku sojoji suka kwashe kowa. Rauni ne na tsari, kuma babba ne. Amma a lura, ko bayan rasuwar Malam, ko da gwamna mai farin jini irin Rimi ya fita, Kanawa mabuɗi suka dangwala wa.

Akwai abubuwan da mai kare PRP bai kamata ya lulluɓe ba. Takardar tuhumar da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero a watan Yulin 1981 ta zo da kalaman da ko masu goyon bayan gwamnan da yawa suka ga sun wuce gona da iri, abin da ya biyo baya ranar 10 ga watan kuwa ya fi muni nesa ba kusa ba: aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa, a gidansa. Alhakin jinin yana kan waɗanda suka zubar da shi da waɗanda suka tura su, amma gwamnatin ta yi kuskuren zaton cewa wanda ya ƙi harajin hakimi ya ƙi sarki ke nan. Talakan Kano ya raba biyun tun tuni. Ƙirƙiro sababbin masarautu da Rimi ya yi shi ma yana da wuyar karewa, don jam'iyyar da ta ce sarauta ce matsala ba ta da dalilin ƙara yawan sarakuna, Bakin Zuwo kuma ya soke su da hawansa. Ta Kaduna kuwa daban take. Balarabe ya ci gwamna, NPN ta ci majalisa da babban rinjaye, majalisar ta yi ta watsi da sunayen kwamishinoninsa, ya yi mulki wata ashirin da 'yan kai ba shi da majalisar zartarwa, ranar 23 ga Yunin 1981 aka tsige shi, gwamna na farko da aka yi wa haka a Nijeriya. Ana iya cewa ya cika taurin kai. Amma abin da ya ƙi shi ne raba kujeru da waɗanda ya yi takara don ya kawar da tsarinsu, kuma mutum ba ya rasa kujerar gwamna saboda manufar da ba shi da ita.

Shi wannan Balarabe ne, tare da Gani Fawehinmi da wasu, ya kai hukumar INEC kotu a kan tulin sharuɗɗan da ta gindaya wa masu neman rajista, Kotun Ƙoli ta rushe yawancinsu a watan Nuwamban 2002, PRP ta dawo cikin jerin jam'iyyu. Duk da haka tsarin mulkin 1999 har yanzu yana cewa hedikwatar jam'iyya ta kasance a Abuja, shugabanninta kuma su fito daga aƙalla biyu bisa uku na jihohi. Sakamakon shi ne jam'iyyun da a zahiri na jiha ɗaya ne suna sanye da babbar rigar da ba tasu ba: APGA tana riƙe da Anambara tun 2006, NNPP ta ci Kano kaɗai a 2023. Marubucin ya jera PRP tare da irin waɗannan don ya nuna duk kanwar ja ce, wai Kano ta saba da bin mutum ɗaya. Kamannin na taswira ne kawai. Tambayar da ta dace a yi wa kowace jam'iyyar da ta tattara ƙarfinta a jiha ɗaya ita ce: wane abu ne ta ce za ta kawar tun ba ta da mulki, ta sha wuya a kansa, ta kuma kawar da shi ranar da ta samu dama? PRP tana da amsa, da ranarta da watanta. NPN ta ci jihohi 7 a 1979, ta ƙara wasu a 1983, tana da ofis a kowane lungu na ƙasar nan, ta cika duk sharaɗin da marubucin yake auna jam'iyya da shi. Ina jiran ya gaya mana, a rubutunsa na gaba, wace doka guda ta wannan jam'iyya ce manomin Ɗambatta ko na Malumfashi zai iya ambata yau ba tare da an tuna masa ba.